Suman Malama Aradu

A gida Auta ake ce mata. Amma da ta shiga makarantar da kamfanin jiragen sama ke horar da ma'aikatan cikin jirgi, ko sati ba ta rufa ba 'yan ajinsu suka laƙaba mata Raɗa, sunan kuma ya zauna daram. Ba sharri suka yi mata ba. Yarinyar in ta yi sallama a bakin ƙofa sai ka waiga ka ga ko labule ne ya motsa.

Ban da wannan murya kuwa, ba ta da makusa. Littafin agajin gaggawa a kanta yake tun daga bango har bango. Tashe ta daga barci ka tambaye ta abin da ake yi wa wanda ya ƙware da abinci, ko wanda tafasasshen shayi ya zube wa a cinya, ko mai ciki da naƙuda ta kama a sararin sama, za ta zayyano maka tiryan-tiryan, in dai ka matso da kunnenka. Kafin nan ta daɗe a kantar sayar da tikiti ta kamfanin, tana kallon ma'aikatan jirgi suna wucewa da 'yan jakunkunansu masu taya, zuciyarta na bin su har ƙofar fita. Da ƙyar ta samu aka sa sunanta a kwas ɗin. Dokar wurin kuwa ba ta da lanƙwasa: jarrabawar agajin gaggawa ta aikace sau biyu ake ba mutum dama. In ka faɗi ta biyu, sai ka tattara ka koma inda ka fito.

A wani ƙaton zaure ake yin ta, inda aka girke guntun jirgi, kamar an yanko tsakiyarsa da wuƙa an ajiye. Kujerun na gaske ne, da akwatunan kaya na sama, da 'yar siririyar hanyar nan da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Sauran kayan duk na wasa ne. Kwalayen lemon da ke kicin babu komai a ciki, tukunyar iskar numfashi fanko ce, wayar da ke jikin bango kuwa ba ta haɗe da ko'ina, ko shekara ka yi kana magana a ciki kai kaɗai kake ji. A kujerar gaba Baba Roba ke zaune, wato mutum-mutumin da ake koyon danna ƙirji a kansa. Ba shi da ƙafafu, bakinsa kullum a buɗe, kuma ya mutu a hannun ɗalibai fiye da yadda za a iya ƙirgawa.

Mai wannan jirgi ita ce Malama Aradu. Ba a faɗin sunan a gabanta, ka ji dai. Gajeriyar mace ce, 'yar firit, wadda ta yi rabin rayuwarta a sama tana tura keken abinci, amma in ta buɗe baki har gilasan tagogi sai sun amsa. Dokokinta biyu ne. Ta farko, ɗaliban da ke zaune a matsayin fasinjoji ba sa motsi sai an nuna mutum da yatsa an faɗa masa abin da zai yi. Takan ce, "A sama, in mutum ya faɗi, kowa ido yake zubawa. 'Wani ya taimaka' ba sunan kowa ba ne." Ta biyu, da zarar an rufe ƙofar guntun jirgin nan, to an tashi. Babu kanti, babu maƙota, babu aike. Duk wanda ya buɗe ƙofa ko ya tura wani waje, ya jefa mutum daga cikin gajimare ke nan, kuma ya faɗi jarrabawa nan take.

Sannan ga ta da iya suman ƙarya. Kai, matar nan ta iya! Tana tsakiyar bayani sai ka ga ta sulale ƙasa, idanu sun kakkafe. Takan yayyafa wa goshinta ruwa a ɓoye ya zama gumi, ta karkace baki, ta riƙa sambatu. Ta taɓa yi a baranda har mai shara ya yar da tsintsiya ya kwasa a guje yana salati. In ɗalibai suka gama kiciniya a kanta sai ta miƙe ta karkaɗe siket, ta lissafo wa kowa kurakuransa.

Ranar jarrabawar Raɗa ta farko, da ta fito daga bayan labulen kicin sai ta tarar da Baba Roba kwance a tsakiyar hanya. Ta durƙusa, ta ɗan taɓa kafaɗarsa da yatsu biyu.

"Baba, sannu. Lafiya dai ko?"

Baba Roba bai ce uffan ba. Ta duba numfashi kamar yadda littafi ya ce, sannan ta ɗago ta dubi jama'a, ta ɗan sunkuyar da kai.

"Don Allah, in ba damuwa, ko wani zai ɗan taimaka da na'urar nan ta zuciya?"

Ko gezau. Dogo, wani zanƙalelen saurayi da gwiwoyinsa ke tokarar kujerar gaba, ya ƙura wa silin ido yana danne dariya. Raɗa ta hau danna ƙirji, kuma wallahi dannawar babu abin gyara a ciki, sai dai tana yi tana bin mutane da kallon roƙo. Ta sake cewa don Allah. Ta ce don girman Allah. Har hannuwanta suka gaji babu wanda ya ɗaga ko ɗan yatsa.

Malama ta duba agogo, ta rufe allon rubutunta, ta ce, "Allah ya jiƙan Baba Roba. Ya dai rasu cikin ladabi."

Ajin ya kwashe da dariya. Raɗa ma ta yi yaƙe, amma da ta shiga banɗaki kuka ta sha har idonta ya kumbura. Dama ɗaya ta rage mata, kuma ta san ba ilimi ne ya gaza ba.

A gida aka kafa makaranta. Kawunta, tsohon direban manyan motoci da ya ajiye sitiyari ya dawo zama da su, shi ya ce zai zama majinyaci, tun kafin ma a roƙe shi. Aka jera kujerun falo biyu-biyu, Inna ta zauna a matsayin fasinja da kwanon tsintar wake a cinya, Kawu ya miƙe a kan darduma ya harɗe hannuwa a ciki.

"Kawu, ba haka sumamme ke kwanciya ba."

"Ke kika taɓa suma ko ni? Yi aikinki."

Ta durƙusa ta girgiza shi kaɗan. Ta juya wajen Inna, ta ɗaga yatsa, yatsan ya yi rabin hanya ya dawo.

"Nuna ta mana!" in ji sumamme, ido ɗaya a buɗe.

Ta cije ta nuna. "Ke... ke mai kwano, tashi ki..."

"Ni kike nunawa da yatsa, Auta?" Inna ta zaburo, sai kuma ta dafe baki. "Au, na manta. Ci gaba, ci gaba, 'yar albarka."

Ina! Ai magana ta riga ta koma ciki. Haka aka yi ta fama kullum da yamma. Kawu ya ji daɗin jinya har ya fara ƙara gishiri, ya ce shi irin sumansa sai an kawo shayi mai madara yake farfaɗowa. Ya gwada koya mata irin tsawar da yake daka wa yaran mota, ta buɗe baki ta yi iya ƙoƙarinta, kyanwar gidan da ke barci a kan taga ko kunne ba ta kaɗa ba.

Jajiberin jarrabawar, Inna ta same ta a ɗaki tana goge rigar aiki. Ta zauna a bakin gado, ta nisa.

"Ni na koya miki shirun nan. Tun kina 'yar mitsitsiya in kin ɗaga murya nake harararki, ina jin daɗi ana cewa 'yata ba ta da hayaniya. Ban san zai zame miki shinge ba. Abin yana damuna, Auta."

Raɗa ta ajiye dutsen guga ta riƙe hannun uwarta. Ta so ta ce ba komai, amma ba ta saba ƙarya ba, sai kawai ta ce a yi mata addu'a.

Da safe ɗalibai suka hallara, Malama shiru. Abin mamaki ne, don matar da ke rufe ƙofa a fuskar wanda ya makara ba a taɓa jiran ta ba. Can sai ga ta ta faɗo zauren fuja-fuja, jaka a kafaɗa, tana mitar cunkoson motoci. Ko zama ba ta yi ba ta hau rabon aiki. Dogo fasinja ne na kujerar gefe. Gimbiya, wata 'yar ƙwalisa da ba ta rabo da madubi, tana bayansa. Ɗan Gayu kuwa, mai gashin baki kamar an zana da biro, shi aka ba aikin fitinannen fasinja, wanda zai yi ta neman shayi komai ake ciki. Aka rufe ƙofa. Raɗa ta shige bayan labule.

Da aka buga ƙararrawa ta fito, sai ta ga hanya fayau. Baba Roba na zaune a kujerarsa, ɗaure da bel, lafiyarsa ƙalau. Ta ɗaga ido. A can baya Malama na tsaye da allonta, ta dafa kan kujera. Sai ta zauna daɓas a hannun kujerar, ta zame zuwa ciki, allon ya suɓuce ya faɗi, kanta ya langaɓe gefe.

Ɗalibai suka fara zungurin juna. Gimbiya ta ce ƙasa-ƙasa, "Tab! Yau da kanta. Raɗa ta shiga uku."

Raɗa ta ji. Ta ce a ranta, to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta taka har baya, ta kama kafaɗun Malama da hannu biyu ta girgiza.

"Baiwar Allah! Kina ji na?"

Muryar ba ta kai tsawa ba, amma an ji ta har layi uku, abin da bai taɓa faruwa ba. Malama ta buɗe ido da ƙyar, ta ture hannunta, ta yi wata magana a dagule wadda ba kai ba gindi. Raɗa ta juya, ta tuna Kawu, ta miƙa yatsa har ƙarshe.

"Kai, Dogo! Sanar da matuƙi, a nemo likita!"

Dogo ya miƙe, ya ɗauki wayar bango, ya kara a kunne, ya ajiye. "An sanar."

"Ke, Gimbiya! Tukunyar iska!"

Gimbiya ta ɗauko fankon tukunyar tana rangwaɗa. Daɗi ya kama Raɗa har kunne. Ashe haka abin yake! Ka nuna mutum, ka faɗa, ya tashi. Har ta samu sararin yaba wa Malama a zuci, don yau suman ya fi na kullum kyau, ga gumi sharkaf kamar gaske.

"Ma'aikaciya!" Ɗan Gayu ya ƙwala daga gaba. "Shayina fa? Tun ɗazu nake jira!"

Ba ta kula shi ba. Ta zaro hankici ta share goshin Malama, ta kama wuyan hannunta don ta ji bugun jini. Hannun sanyi ƙalau, yana ɗan karkarwa. Jijiyar kuwa gudu take yi a ƙarƙashin yatsunta. Ta ɗago ta dubi goshin da ta share yanzun nan, sai ta ga sabon gumi yana tsattsafowa, ɗigo-ɗigo, a kan idonta.

Ta tsaya cak da hankicin a hannu. Ana yayyafa ruwa a goshi, amma ba a sa shi ya tsiro daga fata. Ana karkace baki, amma wa ya isa ya ce wa jijiyarsa ta yi gudu?

Sai dai kuma Malama Aradu ce fa. Matar da ta sa mai shara gudu. In wata sabuwar dabara ce, kuma Raɗa ta buɗe ƙofar nan, shi ke nan, gobe tana kantar tikiti tana tambayar mutane ko kujerar taga suke so. Ga jarrabawa tana tafiya sumul a karo na farko. Abin da kawai za ta yi shi ne ta ci gaba da wasan, ta kara fankon tukunya, ta jira Malama ta miƙe ta karkaɗe siket.

Ta sunkuya kusa da kunnenta. "Malama, kin karya kumallo?"

"Ba... lokaci," in ji Malama, harshe a nannaɗe.

Jakarta na nan a kujerar kusa. Babu ɗalibin da ya taɓa ko kallon jakar nan da kyau, balle taɓawa. Raɗa ta yi bisimilla ta zuge zif, ajin ya ɗauki "Laaa!" gaba ɗaya. A ciki, ƙarƙashin takardu da makullai, ga allurar masu ciwon suga mai kamar alƙalami, ga ledar alewa wayam, ko ɗaya babu. Ta gane. Matar nan ta yi allurarta da safe, ta fito a guje ba ta ci komai ba, yanzu sugan jikinta ne ya faɗi.

Ta ɗago ta ce, "Jama'a, da gaske ne." Tsoro ya mayar da muryar gidan jiya, ko Gimbiya da ke kusa ba ta ji ba. Ta sake cewa, "Abu mai zaƙi. A ba ni lemo."

Wannan Gimbiya ta ji. Ta je kicin ta dawo da kwalin da babu komai a ciki, ta karkata shi a kan kofin roba da yanga, har tana ɗaga ɗan ƙaramin yatsa, ta miƙo kofin iska. "Ga shi, mai sanyi."

"Ma'aikaciya!" in ji Ɗan Gayu, har da buga hannun kujera, don shi ma yana son a yaba masa. "Wane irin jirgi ne wannan? Ni fa na biya kuɗina!"

Kan Malama ya ƙara langaɓewa, idanunta suna lumshewa. Raɗa ta san in suka rufe gaba ɗaya ba a ƙara ba ta komai ta baki. Ta dubi kofin banza a hannunta, ta dubi fuskokin da ke murmushi suna jiran ƙarshen wasa, sai wani abu ya taso mata tun daga tafin ƙafa. Ba ta san sanda ta miƙe ba.

"KAI! DA GASKE NE NA CE!"

Subhanallahi. Tattabarun da ke kan rufin zauren sai da suka tashi. Madubin Gimbiya ya faɗi ƙasa. Ɗan Gayu ya daskare da baki a buɗe, ya zama ƙanin Baba Roba.

"Kai, mai neman shayi! Ɗakin shan shayi, a guje! Lemon kwalba mai zaƙi, da sukari, da cokali! Kai, Dogo! Kilinik, ka zo da nas, ka ce sugan Malama ya faɗi!"

Dogo ya kai ƙofa, ya kama mariƙi, sai ya tsaya ya waigo. "To ai... ai muna sama. In na buɗe kin faɗi fa."

"BUƊE KA FAƊO ƘASA!"

Bai ƙara tambaya ba. Matakalar guntun jirgin ma bai taka ba, tsalle ɗaya ya yi, Ɗan Gayu na biye da shi takalmi ɗaya a ƙafa. Raɗa ta sa Gimbiya ta tallafo kan Malama, ta sa wasu biyu suka matsar da jama'a baya, ta sassauta mata ɗankwalin wuya. Tana yi tana kiran ta da ƙarfi, tana hana ta barci.

"Malama, buɗe ido! Dube ni! Haɗiye yawu in gani!"

Malama ta haɗiye, tana harararta da rabin ido. Alhamdu lillahi, tana iya haɗiya. Ɗan Gayu ya dawo yana haki da kwalba a hannu ɗaya, gwangwanin sukari a ɗayan. Raɗa ta tsiyaya lemon a kofi, ta kara mata a baki, kurɓi-kurɓi. Malama ta kawar da kai, ta ce ba ta so.

"Sha za ki yi! Buɗe baki!"

Yau ga Raɗa tana daka wa Aradu tsawa, kuma ga Aradu ta buɗe baki tana sha.

A hankali karkarwar ta lafa. Idanun suka fara tsayawa wuri ɗaya. Nas ta iso da 'yar jakarta, Dogo na bayanta, ta soki yatsan Malama ta duba na'ura, ta girgiza kai ta ce Allah ya rufa asiri, wanda ya ba ta lemon nan ya kyauta. Ta aika aka kawo burodi, ta tsaya a kanta sai da ta ci.

Malama ta gyara zama. Ta dubi kwalbar lemo ta gaske a cikin jirginta, ta dubi hasken rana da ke shigowa ta ƙofa.

"Wa ya buɗe min ƙofar jirgi?"

Idanu duk suka koma kan Raɗa.

"Wa kuma ya taɓa min jaka?"

Raɗa ta ɗaga hannu a hankali. Yanzu da abin ya wuce, ta riga ta fara hango kantar tikiti.

Malama ta daɗe tana kallon ta. Ɗalibai suka ɓarke da bayani, kowa na son ya ba da labari, Ɗan Gayu na rantsuwa shi ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. Ta ɗaga hannu aka yi shiru.

"Ƙofar da aka buɗe ba laifi ba ce, tunda kafin a fara jarrabawa na faɗi. Amma ni ban ga komai ba, ban ji komai ba. Ba na sa hannu a kan abin da aka ba ni labari. Bayan azahar za a sake."

Nas ta ce ta je gida ta huta. Malama ta ce a zaune za ta yi, da burodinta a hannu, in nas ɗin na so ta zauna ta yi gadi.

Raɗa ta ji sanyi a ranta, ta buɗe baki za ta ce to. Sai wani ɗan kuka ya fito, irin na ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ta yi gyaran murya ta sake gwadawa. Babu. Maƙogwaron da bai taɓa aiki irin na yau ba ya ajiye kaya, murya ta dishe gaba ɗaya. Wayyo Allah! Gimbiya ta ruga ta haɗo mata ruwan ɗumi da zuma, Dogo ya ce ta daina magana sam, Ɗan Gayu ya kawo shawarar ta tauna citta. Duk ta yi. Har lokaci ya yi abin da ke fita bai fi na da ba, ya ma fi muni.

Aka rufe ƙofa, aka buga ƙararrawa. Baba Roba na kwance a hanya. Raɗa ta durƙusa ta girgiza shi har kansa na bugun ƙasa, ta duba numfashi, ta ɗago. Ta ƙura wa Dogo ido, ta miƙa yatsa, ta tattaro ɗan abin da ya rage a maƙogwaro.

"Kai... matuƙi!"

Ai kafin ta rufe baki Dogo na jikin waya. Ta juya ga Gimbiya, ta nuna ta, ta nuna akwatin na'urar zuciya, ta ce "Ke, kawo!" Gimbiya ta manta da rangwaɗa, a guje ta kawo. Ɗan Gayu ya ɗaga hannu zai nemi shayinsa, Raɗa ta yi masa kallo ɗaya, ta nuna masa gefen Baba Roba ta ce, "Durƙusa, ka karɓe ni in na gaji." Ya durƙusa kamar ɗan makaranta. Ta hau danna ƙirji tana ƙirgawa da disasshiyar murya, aka manna wa Baba Roba na'ura, ta ware hannuwa ta kori kowa baya, aka ci gaba har Malama ta ce ya isa.

Malama ta haɗiye lomar burodi. "Dogo, daga nan ni ban ji abin da ta ce maka ba. Me ya tashe ka?"

"Malama, ni ta nuna, kuma na ji." Ya sosa ƙeya. "Ke dai ba ki ji ta ɗazu ba ne. Ni ba na son a maimaita."

Aka yi dariya, har nas. Malama ba ta yi ba, ta sunkuya tana rubutu. Da ta gama ta sallami kowa, ta ce Raɗa ta tsaya.

Zauren ya yi shiru, daga su sai Baba Roba a ƙasa. Malama ta juyo da allon ta nuna mata. An sa hannu, an rubuta ta ci. Hawaye ya cika idon Raɗa, murna ta kama ta har ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba.

"Zauna," in ji Malama. Kuma a hankali ta faɗa, can ƙasa, muryar da babu ɗalibin da ya san tana da ita. "Kin san in kin buɗe ƙofar nan za ki iya rasa komai, ko?"

Raɗa ta gyaɗa kai.

"Kika buɗe." Ta juya kofin roba a hannu. "Yara uku ke jira na a gida, ƙaramar ko ɗaurin takalmi ba ta iya ba. Na ji tsoro yau, 'yata. Na gode."

Raɗa ta buɗe baki. Tana son ta ce ita ce da godiya, tana son ta ce Allah ya ƙara lafiya, tana son ta ce don Allah a riƙa karyawa kafin a fito. Leɓɓanta suka yi ta motsi, ko sauti ɗaya bai fita ba.

Malama ta dafa mata kafaɗa. "Bar shi haka. Na ji ki."